Ruwan da Baffa Ke Ba Wule

Abin ya fara kamar wasa. A gangaren da ke sauka zuwa rugarsu, in an bar Gwashi a baya, Manu ya ɗora ƙafa a kan birki sai ya ji birkin yana rama masa, tif-tif-tif, kamar wani ne a ƙarƙashin motar yake ƙwanƙwasa masa tafin ƙafa. Ya ɗaga ƙafar, abin ya daina. Ya sake takawa, ya dawo. Sai ya ce a ransa ai hanya ce, don hanyar Gwashi a shekarun nan ko jaki ya bi ta sai haƙoransa sun haɗu. Wanda ba ya son jin mugun labari ba ya rasa abin da zai ɗora wa laifi.

Ba a jima ba rawar ta hau har sitiyari. Ranar kasuwar Bukkuyum ya taka birki saboda wata akuya da ta gitta, motar ta ɗauki kyarma tun daga hanci har kujerar baya. Wata tsohuwa mai daddawa ta dafe ƙwaryarta ta ce, "Direba, motag ga masassara taka yi? A dahwa mata sabara mana." Fasinjoji suka yi dariya. Manu bai yi ba.

Ba zai yi ba kuwa, don wannan doguwar Fijo mai ruwan toka, wadda aka saya a hannu, ita ce abin da ya rage na garken gidansu. Kafin shekarar bushiya, annobar shanun nan ta tamanin da uku, mahaifinsa Hayatu, wanda kowa ke kira Baffa, yana da shanun da in sun taso daga kiwo sai ka gaji da kallo kafin ta ƙarshe ta wuce. Rani ya yi tsanani, rijiyoyin kusa suka ja baya, Baffa ya kora su zuwa wata mashaya a bakin Gulbin Ka, inda wasu baƙin shanu suka sha suka wuce. Ba a daɗe ba idanunsu suka fara zubar da ruwa, baki ya yi gyambo, zawo ya ɓalle. Masu allura sun zo, amma ungulu ta riga su. Waɗanda cutar ta bari, farin da ya biyo baya ya soma lashe su, sai Baffa ya sayar da su tun suna iya tsayawa da ƙafarsu. Manu da ma ya taɓa guje wa kiwo ya je Gusau ya koyi tuƙi. Abin da ake yi masa gori a kai a da, yau shi ne ya zama turken gida.

Ko kuɗin motar ba hannu da hannu Baffa ya ba shi ba. Manu ɗan fari ne, kuma Baffa Bafulatani ne na da. Tun da aka raɗa wa yaron suna bai taɓa furta sunan ba, ba ya cin abinci tare da shi, ba ya kallonsa ido cikin ido. In yana da magana sai ya faɗa wa Dija, ƙanwar Manu mai riƙe da gidan tun rasuwar Innarsu, ko da kuwa Manu na tsaye a wurin: "A ce ma wancan kaza." Kada ka ɗauka ƙiyayya ce. Kunya ce, wadda su a wurinsu ado ce, kuma haka Baffa ya tashi ya ga nasa uban yana yi masa.

Da shanu suka ƙare Baffa ya zama kamar ba shi ba. Mutumin da alfijir bai taɓa samunsa a kwance ba ya koma yini a kan buzu, yana kallon turakun maruƙa da gara ke ci. Motar ce ta tashe shi. Ranar da aka kawo ta ya zagaye ta a hankali, hannu a baya, yadda yake duba saniya a kara, kasuwar shanu. Ya ga wani farin faci da mai fenti ya bari a goshinta, ya ce, "Wule ta." Wule sunan saniyar da ke jan garkensa ne, mai farin goshi, kuma ita ce ta fara faɗuwa. Daga ranar mota ta sami suna, Baffa kuma ya sami aiki.

Kullum da yamma, da ya jiwo kukan injin daga kan tudu, sai ya miƙe ya jawo ruwa a rijiya, mai sanyi kamar na randa, ya tsaya da bokiti a bakin zana. Gangaren nan dogo ne, ga ramuka ga kwazazzabai, ga motar ba ta dawowa sai da buhunan hatsin mutanen ruga, don haka tun daga sama har ƙasa ƙafar Manu ba ta barin birki. Motar na tsayawa Baffa zai durƙusa ya watsa ruwan ta cikin ramukan wili, ƙafafun gaba tukuna, don ya lura su suka fi zafi. Sai ka ji caaa, tururi ya tashi. Baffa ya gyaɗa kai ya ce, "Sannu, Wule. Kin sha tahiya." Haka yake yi wa takarkaransa in sun dawo daga doguwar tafiya ƙafafunsu na zafi. Manu na gani kullum, yana kuma jin daɗi, don a wannan lokacin kaɗai yake ganin bayan tsohon ya miƙe.

Da kyarmar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa sai ya kai motar wurin Namadi bakanike, mai gareji a ƙarƙashin wata darbejiya bayan tashar Gummi. Namadi ya san aikinsa, sai dai bakinsa ba shi da linzami. Irin mutanen nan ne da in sun gaya maka gaskiya sai ka ji da ma ƙarya suka yi maka. Ya karɓi makulli, ya ɗauki hanyar Anka, ya ba ta wuta ya taka birki, ya sake ba ta ya sake takawa.

"In ka taka, ina kaka jin shi?" in ji Namadi. "Ga hannu ko ga kujera?"

"Ga ƙahwa da hannu."

"To gaba na. Da ga kujera na, da sai in ce gangunan birkin baya."

Suka dawo ya ɗaga ta da jak. Ya bi notocin taya ɗaya bayan ɗaya, duk a ɗaure suke. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza don ya ji ko boris ya ci, babu motsi. Ya girgiza ta gefe da gefe, sandar sitiyari lafiya lau. Ya kwance tayar ya leƙa takalman birki, da sauran namansu. Sai ya ɗauko guntun alli, ya dafa hannunsa a kan bulo don kada ya motsa, ya kai bakin allin dab da faifan birki, wato ƙarfen nan mai faɗi da ke juyawa tare da taya, wanda takalman ke matsewa in an taka. Ya ce Manu ya juya faifan a hankali. Allin ya ja layi a ɓari guda, ya tsallake sauran, ya sake ja a daidai wurin farko.

"Ka gani? Ƙarhen ga ya kantare. Yana da tudu yana da kwari. Dut sa'adda tudun yaz zo ga takalmi sai ya ture shi baya, turin nan shi ka zuwa ga tahin ƙahwakka. Sai an kai Gusau an aske shi."

Aka cire faifan biyu, Manu ya bi motar wani ya kai su wurin masu injin aske ƙarfe, aka shafe tudun, aka dawo aka ɗaura. Birki ya koma laushi kamar man shanu. Manu ya sayi goro ya ba Dija ta kai wa Baffa. Amma kafin a gama shigar da gero rumbu, tif-tif ɗin ya dawo. Aka sake zuwa Gusau, aka sake askewa, ya sake dawowa. Wannan karon Namadi ya riƙe faifan tsakanin yatsu biyu yana murzawa, fuskarsa ba walwala.

"Ba a ƙara aske wanga. Ya zama hwallen takarda. In anka ƙara, wata rana ga gangare da mutane ciki za shi tsage."

Lokacin kuwa ko sabulu sai da layi, balle kayan mota. Namadi ya yi ta cigiya har ya samo wasu faifai biyu daga jikin wata mota da ta yi haɗari a hanyar Anka. Kafin ya ɗaura su ya ajiye sufana ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Manu, waɗanga su na na ƙarshe. In sunka tahi, ban san inda za ni samo wasu ba, sai dai ka ɗora motar bisa duwatsu kaji su yi ƙwai ciki. Ruwa ba ya tsami banza. Dubi tsohon." Ya juya tsohon faifan a rana, ga wasu tabo masu shuɗi-shuɗi a jikinsa. "Wanga zahi yash sha, kuma wani abu yas sanyaya shi bagatatan. Kana ratsa gulbi da ita?"

"Sai da damana, kuma sai na tsaya ta huce."

"Kana kai ta wanki in ka sauke hwasinja?"

"Da sahe nika wanke ta."

Namadi ya tashi ya tsinto murfin gwangwani, ya je wurin mai shayin da ke gefe ya ɗora shi a kan garwashi. Da ya yi zafi sosai ya jawo shi da filaya ya ajiye a ƙasa, ya ɗebo ruwa a buta ya zuba a ɓari guda. Murfin ya yi caaa, tururi ya tashi, ya yi ƙara ɓas ya murɗe kamar busasshen ganye.

Namadi na bayani, wai inda ruwa ya taɓa ya tsuke, inda bai taɓa ba yana nan a buɗe, amma Manu ba ya jin sa. Ƙarar nan ya sani. Kullum da yamma yake jin ta a bakin zanar gidansu, har da "sannu, Wule" a bayanta.

"Mi ne ne? Ka tuna wani abu?"

Ya za a yi ɗa ya kai ƙarar ubansa wurin bakanike, a gaban mai shayi da masu zaman banza? Manu ya dubi ƙasa ya ce, "Wani maƙwabcinmu na. Shi ka zuba mata ruwa in na dawo. Taimako na shika nuhi."

"To ka ce mai ya taimaki kai nai," in ji Namadi, ya ɗauki sufana.

A gida ya kira Dija bayan rumbu ya gaya mata komai. Ta ce ita za ta iya faɗa wa Baffa, don ita auta ce, ba abin da ba ta faɗa masa.

"Ki ce mai mi?" in ji Manu. "Ki ce mai hannu nai ka kashe ta? Kin manta yadda yaz zama bayan bushiya? Har yau in anka ambaci Gulbin Ka tashi shikai ya bar wurin."

"To in ɓoye bokiti."

"Ya ɗauko ƙwarya."

Gaba kura baya sayaki. In ya yi shiru, faifan ƙarshe za su tafi, motar ta zauna, gida ya rasa abin dogara. In ya yi magana, ya ƙwace wa tsoho abin da ke fitar da shi daga ɗaki. Manu ya ji tausayin ubansa har ya rasa inda zai sa kansa, ya kuma ji haushin wannan kunya tasu da ta hana uba da ɗa zama a tabarma ɗaya su gyara ƙaramar magana.

Dabarar da ya samo ba ta da wuya. A ƙarshen gangaren akwai wani marke a bakin busasshen rafi, inda ba a hango mutum daga ruga. Sai ya riƙa kashe injin tun daga can sama don kada a ji, ya gangaro a hankali, ya tsaya a inuwar marken. Ya sauka ya yi la'asar, ya zauna yana sauraron ƙarfe na ƙas-ƙas yana hucewa. Sai ya ga zai iya ɗora tafin hannunsa a kan wili ya bar shi a nan, sannan ya tayar ya shiga gida. Baffa ya watsa ruwansa, ruwan ya gangara ƙasa salin alin, kowa ya samu abin da yake so. Birki ya zauna daram. Manu har ya fara yi wa kansa kirari a zuci, yana ganin ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ya manta wa yake yi wa wayo. Mutumin da ya shekara sittin yana karanta jikin dabba, wanda daga warin numfashin saniya yake sanin ciyawar da ta ci, shi za a kawo wa sanyayyar ƙafa a ce daga Gummi take? Ranar farko Baffa ya watsa ruwa bai ji komai ba, ya ɗan tsaya. Rana ta biyu ya ajiye bokitin ya ɗora bayan hannunsa a kan wilin tukuna. Daga baya sai ya ce wa Dija, Manu na tsaye yana sauke buhu:

"Wule ta bar numhwashi. Dabbar da tad dawo kiwo da sanyin ƙahwa, ko dai ba ta da lahiya, ko mai kiwon ya kwanta gindin icce. A tambayi wancan."

Dija ta ce sabon ƙarfe aka sa mata wanda ba ya zafi. Baffa ya dube ta, irin kallon da ake yi wa yaro in ya ce ba shi ya sha nono ba ga farin gashin baki.

Wata yamma Manu na tsugune a gindin marke, hannunsa a kan wili, ya ji motsin busasshiyar ciyawa. Ya ɗaga kai. Ga Baffa a ɗaya gefen rafin, sanda a kan kafaɗa, hannuwa biyu a rataye a jikinta. Ba wanda ya san tun yaushe yake tsaye. Manu ya sunkuyar da kai yadda ya saba. Baffa ya dubi motar, ya dubi hannun da ke kan wilin, ya juya ya koma ta hanyar da ya biyo. Da za a ce a wannan lokacin ɗayansu ya buɗe baki, da labarin nan ya ƙare a nan, amma ba haka aka rene su ba.

Ranar kasuwar Gummi da sassafe Dija ta ce, "Baffa ya ce a ce maka za shi bi ka." Tun da aka sayi motar bai taɓa shiga ba. Ya sa farar rigarsa ta sallah da malfa, ya zauna a gaba yana riƙe da sandarsa tsakanin gwiwoyi har suka isa. Manu ya ɗauka kara zai je ya kalli shanun mutane, kamar yadda tsofaffin da suka rasa nasu kan yi. Ya sauke shi a bakin tasha ya shiga hidimar kaya. Sai da wani ɗan kamasho ya ce masa, "Tsohon da kaz zo da shi yana ta tambayar likitan motakka, na nuna mai garejin Namadi," sannan ya yar da igiyar da ke hannunsa ya nufi garejin.

Ai makiyayi in dabbarsa ta canza hali, wurin mai magani yake zuwa. Baffa bai yi wani abu baƙo ba.

Tun daga nesa Manu ya jiwo muryar Namadi, don Namadi bai iya magana a hankali ba. Baffa na zaune a kan benci, an ba shi wuri saboda furfura, Namadi na tsaye a gabansa da tsohon faifan nan mai shuɗin tabo yana juya shi.

"Lahiya tai lau yanzu, Baffa, ka kwantar da hankalinka. Ai ba cuta ta ba, mutum na. Wani maƙwabcinku na, wani marar aikin yi, shi ka sheƙa mata ruwan sanyi tana zahi. Ƙarhe biyu yak kashe muna. Dubi yadda yam maishe shi. Da wanga ya tsage ga gangarenku, da ɗanka da mutanen da yaɗ ɗauko sai dai a kwashe su a tabarma. Irin mutanen ga, Baffa, gara maƙiyi da su. In ka san shi ka ja mai kunne, kai babba na, za shi ji taka."

Sai a lokacin Namadi ya ga Manu, ya ga kuma fuskarsa. Ya dubi tsohon, ya sake duban Manu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, sai dai wannan karon ba wanda ya haƙa shi ne ya faɗa ciki ba.

Baffa ya miƙa hannu, Namadi ya ba shi faifan. Ya shafa shi da yatsa a hankali, ya bi tudun ya bi kwarin, yadda yake laluben karaya a ƙafar maraƙi. Ya mayar masa ya ce, "Na san shi. Za ni hwaɗa mai." Ya yi godiya, ya ɗauki sandarsa ya koma cikin mota ya zauna, bai je kara ba, bai sha ko furar da Manu ya sa aka kai masa ba.

Da yamma suka kamo hanya. Fasinjoji suka yi ta raguwa, wasu a Bukkuyum, wasu a Gwashi, har ya rage su biyu da buhuna. A gangare Manu ya ɗora ƙafa, birki ya kama sumul, ko ɗan motsi babu. Bai taɓa jin ya tsani laushin birki ba sai ranar. Da suka zo daidai marke, ƙafarsa ta ƙara nauyi da kanta saboda sabo.

"Wuce, Manu," in ji Baffa. "Babu mai taɓa ta."

Manu ya kusa sakin sitiyari. Yau shekararsa talatin da wani abu, bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba. Ya sha tunanin yadda zai ji in ranar ta zo, ya ɗauka daɗi zai ji. Abin da ya ji tsoro ne, don ya san Baffa ba zai ajiye kunyarsa ba sai in ya ajiye komai.

Tsohon na kallon gaba, ya ƙara da cewa, a hankali kamar da gilashin yake magana, "Wancan karon ma ni nik kai su ga ruwa."

"Baffa, ba ka sani ba."

"Wancan karon ma ban sani ba."

Suka shiga gida motar na ƙas-ƙas da zafi. Bokitin na nan a bakin zana inda ya bar shi da safe, cike, don kafin su tafi ya jawo ruwan ya rufe da faifan kaba saboda kada ya yi ɗumi. Baffa ya ɗauke shi ya juye a gindin zogale, ya kife shi, ya shige ɗaki.

Daga ranar ya koma buzu. Ba ya ciwo, ba ya ƙorafi, yana fita salla yana dawowa. In Dija ta kai masa tuwo ya taɓa kaɗan ya ture. In ya jiwo kukan injin daga kan tudu, sai ya juya fuskarsa bango. Manu ya daina tsayawa a marke, ba amfani. Namadi ya aiko da goro da ban haƙuri, Baffa ya ce a gaya masa bai yi laifi ba, likita ba ya ɓoye cuta. A tasha kuwa aka fara yabon motar Manu, wai birkinta kamar na sabuwa, mata masu ƙwaryar nono har jiran ta suke yi don ba ta zubar musu da kaya.

Wata yamma Manu ya kasa haƙuri. Ya ajiye motar a bakin zana, ya zauna kusa da ita a fili, inda kowa ke ganinsa, har ƙarfen ya yi shiru. Ya taɓa wilin, ya yi sanyi. Ya tashi ya birkice bokitin, ya kakkaɓe tururuwar da ta yi gida a ƙarƙashinsa, ya jawo ruwa ya cika, ya ɗauka da kansa har ƙofar ɗakin ubansa. Ya durƙusa. Bai nemi Dija ba.

"Baffa, ta huce. Namadi ya ce in ta huce ba komi, ana iya ba ta."

Manu ya ji buzun ya motsa.

"Wadda tah huce mi za ta yi da ruwa?"

Manu ya jima a durƙushe, hannunsa a kan mariƙin bokitin. Dija ce ta zo ta zare shi daga hannunsa ta kai madafa, ta yi wanke-wanke da ruwan. Baffa bai ga damina ta gaba ba. Motar kuwa ta yi shekaru tana bin Gummi da Bukkuyum da Anka a kan faifan nan biyu, kuma kullum Manu ya zo gangare sai ya ɗora ƙafa ya kasa kunne, birki ya kama sumul, ya kai shi har bakin zana inda ba kowa a tsaye.